Gwiwar Manomi

Ranar Asabar da ta wuce ina tsaye a bakin titi ina jiran a ɗaure mini kayan miya, sai motar kulob ɗinmu ta wuce. Na ce kulob ɗinmu ne don bakina ya saba, amma a cikin yaran da ke motar babu wanda ya san ni. Farar bas ce mai labule, an rubuta sunan kulob a jikinta da shuɗin fenti, kowane yaro ya toshe kunnuwansa da waya, ba mai waƙa, ba mai leƙo kai ta taga. Na bi ta da ido har ta hau hanyar Damaturu. Ba zan ɓoye ba, abin da na ji a ƙirjina ba murna ba ce, ƙyashi ne. Tsoho mai jikoki yana ƙyashin yaran da bai san ko sunansu ba, saboda kujera mai laushi da takalmi mai ƙusa. Amma ni da ƙyashi mun daɗe tare, kuma a kulob ɗin nan muka san juna.

A gareji aka haifi kulob ɗin. Duk wanda ya san Potiskum ya san gari ne na manyan motoci, kuma a wancan zamani akwai wani fili a bayan garejin tireloli, can gefen Dogo Nini, inda yaran makanikai ke buga tamaula in an tashi aiki. Wani mai walda ne ya tara su, gajeren mutum mai jajayen idanu saboda wutar aikinsa, kowa Baba Walda yake ce masa. Shi bai taɓa buga ƙwallo a gaban jama'a ba, a rediyo ya koye ta. Amma shi ya haɗa turakun raga da tsofaffin bututun ƙarfe, shi ya sayo usur, shi ya hau mota ya tafi Maiduguri ya yi mana rajista, don a lokacin can ake zuwa yin irin wannan. Sunan da ya rubuta a takarda na Turanci ne mai tsawo, ba wanda ya riƙe shi. Mutanen gari 'Yan Sifana suka sa mana, shi ya bi mu shekara da shekaru.

Yaran yanzu suna sauka daga mota su tarar an share fili an ja layi da farin fenti. Mu kafin a taɓa ƙwallo sai an yi aiki. Mukan jeru mu sunkuya muna tsintar tsidau daga wannan raga zuwa waccan, don yawancinmu ƙafa tsirara muke bugawa. Toka muke roƙowa a wajen mata masu ƙosai mu ja layi da ita a gwangwani mai huda. Ƙwallo ɗaya gare mu, in ta fashe a kai wa baduku ya ɗinke, a hura ta da famfon keke. Baba yakan ce duk wanda bai tsinci ƙaya ba ranar ba zai taɓa ƙwallo ba, ko ɗan waye shi. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar wajen nan: guduma tana dukan ƙarfe a gareji, kukan shanu daga motocin da ke wucewa, usur ɗin Baba mai sarƙewa, sai kiran sallar magariba da yake katse wasa ko da ana tsakiyar kai hari ne. Mu yi alwala a randar gareji, mu yi sahu da gumi a jikinmu.

Ni ba ɗan gareji ba ne. Kakana daga Kano ya zo da fataucin yadi, mahaifina ya gaji shago a kasuwa, ni kuma na yi sakandare, ina jin Turanci. Mahaifina bai so ƙwallon nan ba, yana cewa aikin marasa gida ne, sai da ya ji ana ambaton sunana a majalisar masu shayi sannan ya daina magana. Ni ne lamba tara, ni ne kyaftin, ni na fara sa takalmin ƙwallo a kulob ɗin. In na shigo fili 'yan kallo sukan miƙe. Na ɗauka haka Allah ya tsara, haka kuma za a tafi.

Sai wani yammaci wani dogon saurayi ya zo a kan keke daga wajen Nangere, ƙafafunsa duk faso, ya tsaya a gefen fili yana kallo har muka tashi. Washegari ya dawo, ya tsinci ƙaya tare da mu ba tare da an ce masa ba, Baba ya ce ya shiga. Hausarsa a karkace take, yana ce wa mace "ya zo", yara suna dariya. Ni na sa masa suna Manomi, don in ƙara musu dariyar. Ƙwallon farko da ta zo ƙafarsa ni na tare shi. Har yau ban san ta inda ya bi ba. Na dai juyo na ga ƙwallo a raga, shi kuma yana komawa tsakiya kansa a sunkuye kamar wanda ya yi laifi. Baba ya cire usur daga bakinsa, ya daɗe yana kallonsa, irin kallon da bai taɓa yi mini ba.

Cikin damina ɗaya sunan da na sa masa don wulaƙanci ya zama kirari. In ya karɓi ƙwallo sai ka ji fili ya ɗauka, "Manomi, yi huɗa!" Mutanen da da suke miƙewa in na shigo, yanzu sai su leƙa bayana su ga ko ya iso. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai taɓa yi mini komai ba. Kyaftin yake ce mini, yana ɗaukar mini jaka, in ya ci ƙwallo daga ƙafata ni yake fara nufowa da gudu. Da ya yi mini girman kai ko sau ɗaya, da na sami abin kamawa.

Da shi muka fara fita waje. Bas ba mu da ita. In wata tirela ta sauke shanu, sai direban ya ara mana, mu share kashin, mu watsa ruwa, mu shimfiɗa tabarmi. Haka muka je Fika, muka je Azare da Gombe, muna kaɗa jarka muna waƙa, mu sauka muna warin garke, masu gida su toshe hanci suna mana dariya, mu ci su mu dawo. Muka ɗauki kofin jiha. Aka fara cewa saura ƙiris 'Yan Sifana su shiga ƙaramin rukunin ƙwararru na ƙasa, inda ɗan wasa yake sa hannu a takarda ya zama ƙwallo ce sana'arsa.

A wannan shekarar ne wani baƙo ya zo kallon wasanmu na gida. Mutumin kudu ne, sanye da farar riga, da ɗan littafi a hannu. Kafin hutun rabin lokaci labari ya zagaya cewa wani babban kulob ne ya aiko shi neman 'yan wasa. Na buga ranar kamar raina zai fita, na kai hari har na fasa goshi. Manomi ya buga kamar kullum, ya ci biyu. Da aka tashi, Baba ya tafi raka alƙalin wasa tasha, baƙon ya tambaya wa ke jin Turanci, aka nuna ni. Ya ja ni gindin wata bishiyar darbejiya, ya yaba mini, ya ce ina da ƙoƙari. Na ɗauka ni ya zo nema. Sai ya buɗe littafinsa ya ce dogon nan mai lamba goma fa, ya lafiyarsa take, don yana so ya tafi da shi gwaji a makon nan.

Ban shirya ƙarya ba. Ta zo bakina ne kamar dama tana jira. Na ce masa yaron gwani ne, sai dai gwiwarsa ta dama ta lalace tun wata faɗuwa da ya yi daga amalanke, duk bayan wasa sai ta kumbura, da ɗaurin gargajiya ake lallaɓa ta. Na faɗi hakan da fuskar tausayi. Baƙon ya girgiza kai, ya ja layi a littafinsa, ya ce abin takaici ne, sun gaji da ɗaukar masu rauni. Ya shiga motarsa, direbansa ya ja suka tafi. Na waiwayo na hangi Manomi yana kwance raga tare da yaran gareji, gwiwarsa lafiya lau, yana dariya.

Sai daga baya na gane abin da na yi wa kaina. Da na bar shi ya tafi, da fili ya dawo nawa. Ni da bakina na ɗaure shi a Potiskum, na ɗaure kaina a inuwarsa. A shekarar da ta biyo baya shi ya ci ƙwallon da ta shigar da mu rukunin ƙwararru, gari ya fito har hanyar Kano ana taryar mu, aka ɗauke shi a kafaɗa daga tasha zuwa gareji, ni ina tafe a baya riƙe da jakar jesi. Aka kawo sababbin 'yan wasa daga nesa, aka kawo koci mai takarda, Baba ya koma shugaba. Na fara zama a benci wasa ɗaya, sai biyu, sai ya zama wurina. Ranar da aka ce in miƙa ƙyallen kyaftin, Manomi ya ƙi karɓa har sai da ni na ɗaura masa da hannuna. Mutane suka yaba masa kunya. Ni kuwa na koma shagon mahaifina ina auna yadi, ina jin ihun fili daga nesa.

Kulob ya yi shekaru masu kyau a wannan rukuni. Bai taɓa haurawa sama ba, sau ɗaya ya kusa, aka doke mu a wasan ƙarshe. Amma bai faɗo ba muddin Manomi yana bugawa. Abu ɗaya kawai mutane suka lura da shi, tun bayan zuwan baƙon nan ya ja jikinsa daga Baba. Da, kullum yana gareji, tare suke cin abinci a kwano ɗaya, Baba yana ce masa ɗana. Sai ya koma gaisuwa kawai, daga tsaye, ya wuce. Aka fara cewa ɗaukaka ta hau masa kai. Ni na fi kowa yaɗa wannan magana, kuma na yarda da ita, don daɗi take mini. Na ce a raina, ashe shi ma yana da aibi.

Da Baba ya kwanta ciwon ajali ina yawan zuwa duba shi. Idanunsa sun riga sun tafi. Duk sanda ya ji sallama sai ya ɗago kai ya tambaya ko ɗan Nangere ne. In na ce ni ne, sai ya ce, "To, Kyaftin, sannu da zuwa," ya mayar da kai. Ko a gadon mutuwa ba ni yake jira ba. Ya aika wa Manomi sau biyu, bai zo ba. Ranar jana'iza ma aka ce yana gona. Ni na kama makara, ni na shiga kabari na karɓe shi, kuma Allah ya gafarta mini, har a cikin ramin nan akwai wani ɓangare na zuciyata da yake jin daɗin cewa ni ne a wurin, ba shi ba.

Bayan Baba abubuwa suka taɓarɓare. Manomi ya ajiye takalmi ya koma gonarsa, kulob ya faɗo daga rukuni, sannan shekarun tashin hankali suka zo, aka daina taruwa a fili gaba ɗaya. Da aka samu lafiya sai muka tarar an yanka filin bayan gareji an gina shaguna. Inda ragar gabas take, yanzu mai cajin waya ne. Turakun da Baba ya haɗa ban san wanda ya kwashe su ba. Wasu matasa 'yan kasuwa ne suka tono tsohuwar rajista suka farfaɗo da kulob, suka canza masa suna, suka mayar da shi rukunin da ya bari. Su suka sayi bas ɗin nan.

Bana suka samu sabon filin atisaye a bayan gari, suka kira mu tsofaffin 'yan wasa taro, don suna so su sa wa filin sunan wanda ya kafa kulob. Muka hallara mu kaɗan da muka rage. Manomi ya zo, ya yi furfura, yana dogara sanda. Yara suka yi ta ɗaukar hoto da shi, shugaban kulob ya zaunar da shi kusa da shi, ni aka ba ni kujera a layi na biyu, aka kuma kira sunana ba daidai ba. Da aka kawo maganar sunan Baba kowa ya ce madalla, sai Manomi ya ɗaga hannu. Ya ce shi bai so ya yi magana a kan mamaci ba, amma ba za a yi da yardarsa ba. Ya ce direban baƙon nan na shekarun baya ya gaya masa a tasha cewa wani babba a kulob ya ce gwiwarsa ta lalace. Ya ce babba ɗaya ne a kulob a lokacin, kuma shi kaɗai zai yi asara in shi Manomi ya tafi. Mutumin da yake ce masa ɗana, shi ya rufe masa ƙofa don kulob ɗinsa ya ci gaba.

Shugaban ya ce to a ɗage maganar. Ina zaune a layi na biyu, na bar laifin a kan Baba. Na koma gida na yi kwana uku abinci ba ya shiga.

A rana ta huɗu na hau mota zuwa Nangere. Na same shi a ƙofar gida bayan azahar yana gyaran igiyar shanu. Ya yi murna, ya sa aka kawo mini fura, ya yi ta tambayar iyali. Na kasa sha. Na ce masa na zo da magana, sannan na gaya masa komai, bishiyar darbejiya, amalanke, ɗaurin gargajiya, yadda Baba yana tasha a lokacin bai ma ga baƙon ba. Na faɗa ina kallon ƙasa.

Igiyar ta zame daga hannunsa.

"Kyaftin, kai ne?"

Na ce ni ne.

"Me na yi maka?"

Na ce bai yi mini komai ba, abin da ya sa ke nan.

Na zaci zai zage ni, ko ya yi maganar babban kulob da rayuwar da ta wuce shi. Bai taɓo wannan ba. Ya ce, da muryar da ban taɓa jin sa da ita ba, "Sau biyu Baba ya aiko mini. Na biyun ɗansa ne ya zo da kansa, ya ce Baba yana kiran sunana. Ina zaune a nan wurin na ce ya ce masa ba ni da lafiyar gwiwa." Ya rufe fuskarsa da hannu biyu. Na ce ya yafe mini. Ya ce shi da yake neman mai yafe masa, bai san ta inda zai fara da tawa ba, in ba shi lokaci. Sannan ya miƙe ya ɗauki sandarsa, ya ce tunda ni na sa Baba a kabari, in tashi in nuna masa wurin.

Muka shiga mota ɗaya muka dawo Potiskum. Maƙabartar ta cika ta faɗaɗa, bishiyar da nake kwatance da ita an sare ta. Na yi ta zagaye da shi, in ce nan ne, in ce a'a, can ne, yana bina da sanda a rana bai yi ƙorafi ba. A ƙarshe na ce masa na kasa ganewa. Sai ya tsaya a inda muke, ya fuskanci alƙibla, ya ɗaga hannu ya yi wa duk na kwance a wurin addu'a, yana kuka kamar yaro, yana kiran Baba da bakinsa na mutumin Nangere.

Washegari ya je wajen shugaban kulob ya janye maganarsa. Ya ce shi ya yi kuskure, Baba bai zalunce shi ba, kuma bai ambaci sunana ba. An sa wa filin sunan Baba Walda, allon yana nan a ƙofar shiga. Gari ya ɗauka ana yabon Manomi, ana cewa ba kowane dattijo ne zai fito ya ce ya yi kuskure ba. Har yanzu bai aiko mini da amsa ba, ni ma ban koma ba.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne halin da nake ciki a maƙabartar nan. Ina tsaye a bayansa, hannuwana a sama, ina cewa amin, ina matsa idanuna ko ɗigo ɗaya zai fito, ya ƙi. Na dubi kafaɗunsa suna rawa, na ji abin nan ya taso mini a ƙirji kamar ranar da ya fara shiga filinmu. Ko kukan ma ya fi ni iyawa.